Mongoliya Tsakanin Sin da Rasha: Tambayoyi da Amsoshi kan Arzikinta da Inda Ta Dosa

Mongoliya ƙasa ce da ba kasafai ake jin sunanta a labarai ba, sai idan wani babban shugaba ya kai mata ziyara, ko sanyi ya hallaka dabbobi. Amma ga mai son fahimtar yadda ƙasa mai tasowa ke zama kusa da maƙwabciyar da ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, da wuya a samu inda al'amarin ya fito fili kamar nan. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Me ya sa ba a maganar tattalin arzikin Mongoliya sai an sako maƙwabtanta?

Saboda maƙwabtan biyu ne tak, kuma sun kewaye ta ta ko'ina. Rasha na arewa, ƙasar Sin ta rufe kudu da gabas da yamma. Ba ta da teku. Faɗin ƙasar ya haura murabba'in kilomita miliyan 1.5, amma mutanenta kimanin miliyan 3.5 ne kawai, kuma kusan rabinsu suna zaune a Ulaanbaatar, babban birni. Duk abin da za ta sayar wa duniya, da duk abin da za ta sayo, in ba ta jirgin sama ba, dole ya ratsa ƙasar ɗaya daga cikin biyun. Ko jirgin saman ma sai ya keta sararin samaniyarsu. Tashar jiragen ruwan da ta fi dogara da ita ita ce Tianjin, wadda ke cikin Sin.

Daga ina kuɗin ƙasar ke fitowa?

Daga ƙarƙashin ƙasa. Ma'adinai su ne kimanin kashi 90 cikin 100 na abin da take fitarwa waje, kwal a gaba, jan ƙarfe na biye, sai zinare da tama. Wurare uku ne suka fi shahara. Akwai Erdenet, tsohuwar mahaƙar jan ƙarfe da aka buɗe a 1978 tare da Tarayyar Sobiyet. Akwai Tavan Tolgoi a hamadar Gobi, inda ake haƙo kwal irin wanda masana'antun narka ƙarfe ke buƙata. Sai Oyu Tolgoi, ita ma a Gobi, mai jan ƙarfe da zinare, wadda ba ta fi nisan kilomita 80 daga iyakar Sin ba.

Bayan ma'adinai sai kiwo. Dabbobin ƙasar sun ninka mutanenta kusan sau 20: tumaki, awaki, dawakai, shanu da raƙuma masu tozo biyu. Daga jikin awakin ake taje gashin nan mai laushi da tsada, kashmiya, wanda Mongoliya ce ta biyu wajen samar da shi a duniya bayan Sin. Sai dai yawancinsa ɗanye ko wankakke kawai yake fita, a saƙa shi a wata ƙasa, ribar ta zauna can.

Gaba ɗaya tattalin arzikin ya ɗan haura dala biliyan 20 a shekara. Wani birni guda a Sin ya ninka hakan sau da dama.

In dai Sin na saye kuma tana biya, ina abin damuwa?

A 'yan shekarun nan, kusan kashi 90 cikin 100 na kayan da Mongoliya ke fitarwa Sin suke tafiya. Wannan ba laifin kowa ba ne. Kwal kaya ne mai nauyi, ba shi da tsadar da zai jure doguwar tafiya. In aka ce a kai shi tashoshin ruwan gabashin Rasha, dubban kilomita, kuɗin dako zai cinye ribar, kuma Rasha kanta mai sayar da kwal ce, ba za ta yi maraba da kishiya a kan layin dogonta ba. Masana'antun ƙarfe na arewacin Sin kuwa suna nan bakin iyaka.

Damuwar ita ce, mai sayarwar da ke da mai saye ɗaya ba shi da bakin taya kayansa. Shekaru da dama kwal ɗin Mongoliya ya riƙa tafiya ƙasa da farashin kasuwar duniya. Sa'an nan duk abin da ya samu mai sayen sai ya same shi. In gine-gine suka ja baya a biranen Sin, buƙatar ƙarfe ta ragu, buƙatar kwal ta bi ta, sai a ji a jiki a baitulmalin Ulaanbaatar cikin 'yan watanni. Ba sai wani ya yi mugun nufi ba. Lokacin annobar korona ma an gani: Sin ta daina sayen kwal daga Ostireliya a ƙarshen 2020, dama ta samu ga Mongoliya, amma tsauraran matakan kiwon lafiya a bakin iyaka suka hana motoci wucewa yadda ya kamata, damar ta wuce ba a ci moriyarta sosai ba.

Da gaske ne faɗin layin dogo ya zama rigimar siyasa?

Gaskiya ne, kuma rigimar ta ci wa ƙasar kuɗi masu yawa. Layin dogon Mongoliya irin na Rasha ne, tazarar da ke tsakanin ƙarafunansa milimita 1,520. Na Sin milimita 1,435 ne. Bambancin bai wuce tsawon yatsa ba da wani abin kirki, amma ya isa ya hana jirgin wannan ƙasa hawa layin waccan. A mashigar Zamyn-Uud da Erenhot, sai a ɗaga taragon fasinja sama da manyan injina a sauya masa ƙafafu, kayan dako kuma a sauke daga wannan tarago a loda a wancan.

Da aka zo shimfiɗa layi daga Tavan Tolgoi zuwa iyaka, sai aka rabu. Masu lissafin ciniki suka ce a yi shi da faɗin na Sin, jirgi ya ɗauko kwal daga bakin rami ya wuce kai tsaye. Masu tunanin tsaro suka ce layin da jirgin Sin zai iya hawa har cikin ƙasa ba abin wasa ba ne. Aka shafe fiye da shekara goma ana ja-in-ja, ana fara aiki ana tsayawa.

Duk tsawon wannan lokaci manyan motoci ne suka riƙa dakon kwal ɗin. A 2017 layin motocin da ke jiran tsallakawa a mashigar Gashuunsukhait ya haura kilomita 100. Direba yakan yi kwanaki, wani lokaci fiye da mako, yana matsawa kaɗan-kaɗan. A cikin motar yake kwana, a ciki yake dafa abinci, injin kuma ba ya kashe shi a lokacin hunturu don kada man ya daskare. Ƙurar kwal ta baƙanta ciyawar da makiyayan yankin ke kiwo a kai, hatsari a kan hanyar kuwa ya zama ruwan dare.

A watan Satumba na 2022 aka buɗe layin mai tsawon kilomita 233, da faɗin na Rasha. Ya tsaya daf da iyaka, bai haɗu da na Sin ba. Sai a 2025 ƙasashen biyu suka rattaba hannu kan yarjejeniyar haɗa shi da mashigar Gantsmod ta ɓangaren Sin, aka fara aikin. Shi ne zai zama layin dogo na biyu da ya ratsa iyakarsu, bayan na farko da aka buɗe tun shekarun 1950.

Sin ta taɓa amfani da wannan dama ta matsa wa Mongoliya?

Ta taɓa, kuma abin da ya faru a ƙarshen 2016 ya cancanci a tsaya a kansa.

Galibin masu addini a Mongoliya mabiya Buddha ne irin na Tibet, suna girmama Dalai Lama matuƙa. Gwamnatin Sin kuwa tana kallonsa a matsayin mai neman raba ƙasa. A watan Nuwamba na 2016 ya ziyarci Ulaanbaatar bisa gayyatar shugabannin addini, duk da gargaɗin da Beijing ta yi. Ba a ɗau lokaci ba Sin ta ɗage tattaunawar da ake yi kan wani babban rance da Mongoliya ke nema ido rufe. A farkon Disamba hukumomin yankin da ke bakin iyaka suka ƙaƙaba sabbin kuɗaɗe a kan kowace mota da kowane tan na kaya da ke shigowa daga Mongoliya. Motoci suka yi cirko-cirko cikin tsananin sanyi. Kafin shekara ta ƙare, ministan harkokin wajen Mongoliya, Tsend Munkh-Orgil, ya bayyana cewa gwamnatinsu ba za ta sake barin Dalai Lama ya shigo ba.

Abin lura shi ne ba wannan ce ziyararsa ta farko ba. Ya sha zuwa a baya. A 2002 Sin ta dakatar da zirga-zirgar jiragen ƙasa a iyaka na kwana biyu, aka ci gaba da harka. A 2011 ma ya zo, Beijing ta nuna ɓacin ranta, amma Mongoliya ba ta durƙusa ba, domin a shekarar aljihunta cike yake. Abin da ya bambanta 2016 shi ne baitulmali ya bushe, ga bashi ya kusa nuna. A ganina nan ne gaskiyar lamarin take. Girman Sin da kusancinta abu ne da ba zai sauya ba, amma yawan ikon da take da shi a kan shawarar Mongoliya yana hawa da sauka ne gwargwadon halin da asusun Mongoliya ke ciki. Wannan kuwa a hannun 'yan Mongoliya yake.

Yaya aka yi ƙasar da aka yi ta yabo ta wayi gari tana neman ceto?

A 2011 tattalin arzikin Mongoliya ya bunƙasa da sama da kashi 17 cikin 100, abin da kusan babu ƙasar da ta kai a shekarar. Ana gina Oyu Tolgoi, kwal na tsada, masu zuba jari na ta kwarara. 'Yan siyasa suka shiga gasar alkawari. Aka riƙa raba wa kowane ɗan ƙasa tugrik (kuɗin ƙasar) 21,000 duk wata, aka kuma ba kowa hannun jari 1,072 a kamfanin kwal na gwamnati. Don a cika alkawarin, har kuɗin kwal ɗin da ba a haƙo ba aka karɓa a gaba daga wani kamfanin Sin, aka riƙa biya da kwal a farashi mai rahusa.

A 2012 gwamnati ta ci bashin dala biliyan 1.5 a kasuwannin duniya ta hanyar takardun lamuni da aka sa wa sunan Chinggis. A shekarar ne kuma kamfanin Chalco na gwamnatin Sin ya nemi sayen rinjayen hannun jari a kamfanin kwal na SouthGobi. Hankalin jama'a ya tashi, majalisa ta yi gaggawar kafa dokar da ta tsananta wa jarin waje a fannoni masu muhimmanci. An yi dokar don a taka wa Sin birki, amma sai ta firgita kowa. Ga kuma takaddama da Rio Tinto, kamfanin haƙar ma'adinai na Birtaniya da Ostireliya, ta tsayar da aikin ƙarƙashin ƙasa a Oyu Tolgoi. Jarin waje da ya haura dala biliyan 4 a shekara ya zube warwas. An sauya dokar a 2013, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Sai farashin kwal da jan ƙarfe suka faɗi.

Cin bashi da daɗi, ranar biya da wuya. A 2016 bunƙasar ta dawo wajen kashi 1, giɓin kasafin kuɗi ya haura kashi 15 na tattalin arziki, darajar tugrik ta yi ƙasa, babban banki ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 15. Da wa'adin biyan dala miliyan 580 ya matso a watan Maris na 2017, wasu 'yan ƙasa suka riƙa kai gudummawa don kada ƙasarsu ta ji kunya: kuɗi, zobba da 'yan kunne na zinare, har da dawakai. A watan Mayu na shekarar Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya amince da shirin ceto da jimillarsa ta kai kimanin dala biliyan 5.5, wanda Bankin Duniya, Bankin Raya Asiya, Japan da Koriya ta Kudu suka sa hannu a ciki. Wani babban kaso na shirin kuwa sabunta yarjejeniyar musayar kuɗi ce ta yuwan biliyan 15 da babban bankin Sin.

Rasha fa, tana da sauran tasiri?

Tana da shi, ta wata fuska dabam. Sin ce ke sayen kaya, Rasha ce ke riƙe da man da ake haƙo kayan da shi. Sama da kashi 90 cikin 100 na fetur da dizal ɗin Mongoliya daga Rasha suke zuwa, da wani kaso na wutar lantarki. Babban layin dogon ƙasar, wanda ya ratsa ta daga arewa zuwa kudu, mallakar haɗin gwiwa ce, rabi na Rasha rabi na Mongoliya, tun 1949. Duk lokacin da Rasha ta taƙaita fitar da mai don biyan buƙatar cikin gida, sai dogayen layuka su bayyana a gidajen mai na Ulaanbaatar. Ko shirin gina madatsar ruwa a kogin Eg don samun lantarki ya tsaya, bayan Rasha ta nuna damuwa kan tafkin Baikal, inda ruwan ke ƙarewa.

Wannan ne ya sa Mongoliya ke ƙaurace wa kaɗa ƙuri'a a Majalisar Ɗinkin Duniya kan yaƙin Yukren. A watan Satumba na 2024 Shugaba Vladimir Putin ya kai mata ziyara. Mongoliya mamba ce a Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, wadda ta ba da sammacin kama shi, amma aka tarbe shi da faretin girmamawa. Da aka yi mata ca, gwamnati ba ta yi ɓoye-ɓoye ba, ta ce man fetur ɗinta da wutarta daga maƙwabta suke zuwa.

Dangantakar tsohuwa ce. Daga 1924 zuwa 1990 Mongoliya ta zauna ƙarƙashin inuwar Tarayyar Sobiyet, kuma tallafin Mosko ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na tattalin arzikinta. Da tallafin ya yanke farat ɗaya, mutane suka koma karɓar abinci da kati. 'Yan Mongoliya da suka manyanta sun san abin da dogaro da maƙwabci guda ke haifarwa, domin sun ɗanɗana.

Mene ne manufar “maƙwabci na uku”, kuma tana aiki?

Manufa ce ta ƙulla abota da ƙasashe masu nisa don kada a zama sai yadda maƙwabtan biyu suka yi da ita. Ta samo asali ne daga ziyarar sakataren harkokin wajen Amurka James Baker a 1990, lokacin da ƙasar ke komawa tafarkin dimokuraɗiyya. Ba ƙasa ɗaya ake nufi ba. Amurka, Japan, Koriya ta Kudu, Indiya da ƙasashen Turai duk suna ciki.

An samu abubuwan a zo a gani. Sabon filin jirgin saman Chinggis Khaan da aka buɗe a 2021 da rancen Japan aka gina shi, kuma yarjejeniyar ciniki tsakanin ƙasashen biyu ta fara aiki tun 2016. Amurka ta ba da dala miliyan 350 don inganta ruwan sha a Ulaanbaatar. Indiya na ɗaukar nauyin gina matatar mai ta farko a lardin Dornogovi, bayan rancen dala biliyan 1 da Firaminista Narendra Modi ya sanar a ziyararsa ta 2015. A watan Janairu na 2025 aka sa hannu da kamfanin Orano na Faransa kan haƙar yuraniyom.

To amma manufar tana da iyaka. Kamfanin Turai na iya mallakar mahaƙa, amma abin da ya haƙo ta kan iyakar Sin ko ta Rasha zai fita. Amfaninta na gaske shi ne samun masu ba da rance da masu zuba jari fiye da ɗaya, da kuma samun murya a duniya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, a 2017 ya yi rana.

Oyu Tolgoi alheri ce ga ƙasar ko an cuce ta?

Har gobe ana musu a kai a Ulaanbaatar. An gano ma'adinin a 2001, aka sa hannu kan yarjejeniya a 2009. Gwamnati ta samu kashi 34, sauran kashi 66 yanzu suna hannun Rio Tinto. Matsalar ita ce gwamnati ba ta da kuɗin biyan kasonta na aikin ginin, sai abokin tarayya ya ranta mata da ruwa, bisa sharaɗin ba za ta ga ribar hannun jarinta ba sai an gama biya. Da kuɗin aikin ƙarƙashin ƙasa ya yi ta ƙaruwa har ya kai wajen dala biliyan 7, ranar cin ribar ta riƙa ja da baya. Gwamnati ta tsaya kai da fata, a watan Janairu na 2022 aka yafe mata bashin dala biliyan 2.4. A watan Maris na 2023 aka fara haƙa a zurfin da ya haura kilomita ɗaya.

Kamfanin na hasashen fitar da kimanin tan 500,000 na jan ƙarfe a shekara tsakanin 2028 da 2036, abin da zai sa mahaƙar cikin mafiya girma a duniya. Haraji da albashi suna shiga tun yanzu, kuma mafi yawan ma'aikatan 'yan ƙasa ne. Sai dai wutar da mahaƙar ke aiki da ita daga Sin ake jawo ta, garin ma'adinin kuma a manyan buhuna ake loda shi a motoci zuwa masana'antun tacewa na Sin. Ke nan ko wannan aiki, da aka ba kamfanin Yammacin duniya da gangan, kansa da ƙafarsa suna jingine da maƙwabciyar kudu.

Za a iya cewa Mongoliya ta faɗa tarkon bashin Sin?

A'a, maganar ba ta dace da ita ba. Babban kaso na bashin gwamnati na bankunan raya ƙasa ne da Japan da masu riƙe da takardun lamuni a kasuwannin duniya. Jimillar bashin waje ta zarce girman tattalin arzikin, amma da yawa daga ciki na kamfanoni ne, musamman na gina Oyu Tolgoi. Igiyar da Sin ke riƙe da ita ta kasuwa ce da ta mashigar iyaka, sai kuma yarjejeniyar musayar kuɗin nan da ake sabuntawa lokaci-lokaci.

Me ya sa jama'a ke ɗari-ɗari da Sin alhali da ita ake cin abinci?

Tarihi ne. Daular Qing ta mulki Mongoliya fiye da shekara 200 kafin ta ayyana 'yancinta a 1911, kuma sai a 1946 gwamnatin Sin ta lokacin ta amince da 'yancin, bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1945. Sa'an nan ga yankin Mongoliya ta Ciki, wanda ke cikin Sin. 'Yan ƙabilar Mongol da ke can sun fi na ƙasar Mongoliya yawa, amma sun zama 'yan tsiraru a yankinsu. Da aka rage koyar da darussa da harshen Mongol a makarantun can a 2020, an yi zanga-zanga har a Ulaanbaatar, gwamnati kuwa ta yi gum. Ɗan siyasa a Mongoliya yakan tsinci kansa yana tafiya Beijing neman a ƙara buɗe iyaka, ya dawo gida abokan hamayya su zarge shi da sayar da ƙasa.

Talaka ya gani a ƙasa?

Ya ga wani abu, bai ga abin da ya kamata ba. A 2024 Bankin Duniya ya ɗaga Mongoliya zuwa rukunin ƙasashe masu matsakaicin samu na sama. Ta taɓa hawa wannan mataki a 2015, ta sauko shekara guda bayan nan. A 2022 kimanin kashi 27 cikin 100 na jama'a suna cikin talauci.

Makiyaya ne suka fi ban tausayi. Akwai bala'in hunturu da suke kira dzud. Fari ne ke fara zuwa a lokacin zafi, dabbobi su shiga sanyi ba ƙiba. Sai dusar ƙanƙara ta rufe ciyawa, ta ɗan narke, ta sake daskarewa ta zama kamar gilashi, kofato ba ya iya fasa ta, ga sanyi yana kai digiri 40 ƙasa da sifili. Makiyayi kan fito da safe ya tarar da tumakinsa sun cunkushe a jikin shinge sun sandare. A hunturun 2023 zuwa 2024 an yi asarar dabbobi kimanin miliyan 8. Wanda garkensa ya ƙare sai ya naɗe tantinsa ya nufi Ulaanbaatar, ya kafa shi a unguwannin gefen gari inda babu famfo, babu bututun ɗumama ɗaki, sai murhu. Hayaƙin waɗannan murahu ne ya sa birnin cikin mafiya gurɓatar iska a duniya a lokacin sanyi, kuma yara ƙanana ne ke cika asibitoci da ciwon huhu. Mahaƙa na kawo kuɗi, amma ba ta ɗaukar mutane da yawa aiki, don haka ba ta da gurbin da za ta ba waɗannan iyalai.

Mene ne batun satar kwal da aka yi zanga-zanga a kai?

A watan Disamba na 2022 dubban mutane, galibi matasa, suka mamaye dandalin Sukhbaatar cikin tsananin sanyi, bayan zargin cewa an fitar da kwal mai yawa zuwa Sin ba tare da ya shiga lissafin hukuma ba, da haɗin bakin jami'ai. An kama wasu manyan jami'an kamfanin kwal na gwamnati. Daga 2023 aka fara sayar da kwal ta hanyar gwanjo a kasuwar hannayen jari ta ƙasar, inda kowa ke ganin farashi. A 2024 aka kafa dokar asusun ajiyar arzikin ƙasa. Fushin jama'a bai huce ba: a watan Yuni na 2025 Firaminista Oyun-Erdene ya sauka bayan makonni ana zanga-zanga kan rayuwar ƙasaita da aka ga iyalinsa na yi, majalisa kuma ta ƙi ba shi ƙuri'ar amincewa.

Ni dai ina ganin wannan a matsayin ƙarfin ƙasar. A tsakiyar manyan ƙasashe biyu da ba a yi wa masu mulki irin wannan bore, ga jama'ar da ke fitowa fili su tambayi inda dukiyarsu ta shiga, kuma a saurare su.

Bututun iskar gas da ake cewa zai ratsa ƙasar zai sauya wani abu?

Shirin shi ne a jawo iskar gas daga Saiberiya zuwa Sin ta cikin Mongoliya, kimanin kubik mita biliyan 50 a shekara. A watan Satumba na 2025 kamfanin Gazprom na Rasha ya sanar da sa hannu kan takardar fahimtar juna a Beijing. In aka gina shi, Mongoliya za ta samu kuɗin ratsawa, wataƙila da gas ɗin da zai rage hayaƙin babban birni. Amma farashin gas ɗin tsakanin Mosko da Beijing za a yanke shi, haka ma lokacin farawa. Kuma ranar da bututun ya fara aiki, maƙwabtan biyu za su ƙara sa ido kan wanda ke mulki a Ulaanbaatar.

To, ina tattalin arzikin ya dosa a shekaru masu zuwa?

Alƙaluman baya-bayan nan masu daɗi ne. An samu bunƙasar kimanin kashi 7 a 2023, da kimanin kashi 5 a 2024, shekarar da kwal ɗin da aka fitar ya haura tan miliyan 80. Bashin gwamnati, wanda ya kusa kashi 90 na tattalin arziki a 2016, ya sauko ƙasa da rabi. A 2024 manyan hukumomin auna cancantar bashi uku duk sun ɗaga matsayin ƙasar. Jan ƙarfe kuma yana da kasuwa mai tsawo a gaba, domin motocin lantarki da layukan wuta da injinan samar da wuta daga iska duk shi suke ci.

Abin tsoron shi ne tsohuwar ɗabi'a na dawowa. Da kuɗin kwal suka ƙaru, aka ƙara albashi da fansho, aka jera manyan ayyuka, kasafin kuɗi ya kumbura. A 2025 farashin kwal ya sauka, kuɗin shiga ya gaza abin da aka tsara, sabuwar gwamnati ta koma tana zaftare kasafin a tsakiyar shekara. Kwal ɗin kansa ba na har abada ba ne. Harkar gidaje a Sin ta yi sanyi tun 2021, yawan jama'arta ya fara raguwa, kuma ta yi alkawarin kai hayaƙin da take fitarwa matakin daidaito kafin 2060. Mongoliya na ƙara shimfiɗa layin dogo don kayan da mai sayensa ke shirin rage amfani da shi. Hakan ba kuskure ba ne in za a sayar da sauri a adana kuɗin, amma zai zama kuskure babba in aka ci bashi a kan sa ran cinikin zai dawwama.

Mai son bin diddigin lamarin ya sa ido kan asusun ajiyar nan na 2024, ya ga ko ana zuba masa kuɗi a shekarar wadata, ko kuwa ana kwashewa da zarar zaɓe ya matso. Ya duba ko matatar man Dornogovi ta fara aiki, da ko an samu tashar wutar da za ta ciyar da mahaƙun Gobi daga cikin gida. Zaɓen shugaban ƙasa na tafe a 2027, na majalisa a 2028, daidai lokacin da Oyu Tolgoi za ta fara fitar da jan ƙarfe mafi yawa.